Bututun Gwaji da Furannin Baffa Sybe

Friesland,
Ƙarshen watan Mayu.

Zuwa ga yayata Baukje,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri daga ƙaninki Ruurd. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Wopke da yara da jikoki baki ɗaya. Mun ji labarin aikin da aka yi miki a gwiwa, mun kuma ji cewa tun kafin likita ya ba ki izini kin koma shiga lambu da sanda, abin da bai ba kowa mamaki ba a gidan nan. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa wannan shi ne ƙarshen wahalar, ya kuma ba Wopke haƙurin jinyarki, domin na san jinyar mutum irinki sai mai dogon numfashi. Ina fata sanyin Kanada ya sake ku haka nan, kun samu kun buɗe tagogi.

Mu nan lafiya lau, sai godiya. Matata Hiltje tana nan da ƙarfinta da bakinta, tana gaishe ki ƙwarai. 'Yarmu Nynke ta yi nauyi sosai, ana sa ran haihuwa kafin kaka, kuma ta hana a gaya mana ko mace ce ko namiji. Ɗanmu Auke yana can Groningen, ba ma ganinsa sai kayan wankinsa sun taru. An saki shanu a fili tun watan jiya, ciyawa ta yi kyau bana, shamuwa ma ta dawo kan sandarta ta bayan coci. Baba yana nan a gidan tsofaffi na Sneek, jiki da sauƙi, yana cin abinci, yana kuma ƙorafin cewa suna dafa dankali har sai ya manta shi dankali ne. Maganarsa ce ma ta sa na zauna rubuta miki wannan takarda maimakon in kira ki a waya. A waya kina katse ni, ni kuma ina da halin mayar da komai wasa, wannan kuwa ba na wasa ba ne. Na kuma san maƙwabciyarmu Tjitske tana rubuto miki, gara ki ji daga bakin mai laifin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin daɗe da barin gida, amma huɗu ga Mayu ba ranar da za ki manta ba ce: tutoci a rabin sanda, ƙararrawar coci tana kaɗawa har dab da ƙarfe takwas na yamma, a busa ƙaho, sannan ƙasa gaba ɗaya ta yi shiru na minti biyu domin waɗanda yaƙi ya ci. Kin kuma san abin da ranar take a gidanmu. Sunan Baffa Sybe, yayan Baba, yana jikin dutsen nan na gaban coci tare da na sauran samarin da sojojin mamaya suka harbe a ƙarshen babban yaƙin duniya, lokacin Baba yana ɗan yaro. Kakarmu ce ta fara ajiye masa fararen furanni, da ta rasu Baba ya karɓa, kuma bai taɓa fashi ba, har shekarar da Inna take kwance a asibiti. To a cikin hunturun nan ya kira ni ya ce ƙafafunsa sun gama aiki. Ya ce bana zai je na ƙarshe, zai riƙe hannuna har gaban dutsen, a nan zai miƙo mini furannin a gaban jama'a in ajiye, daga nan aikin ya zama nawa. Baukje, ba zan ɓoye miki ba, kaina ya kumbura. Har na ce a raina, ai da ma haka ya dace, Baukje ta tafi ni na zauna. Ki yafe mini wannan ma tare da sauran.

Yanzu sai maganar mota, koriyar nan ta Ingila mai kujera biyu da na saya da na bar aiki a kamfanin madara, wadda kika ce mota ce ta mutumin da gashin kansa ya gudu yana so ya bi shi da gudu ya kamo. Ta haura shekara talatin a duniya, amma ina kula da ita fiye da yadda nake kula da haƙorana. A farkon bazara ta fara nauyi, in na taka totur sai ta yi ta nishi, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na kai ta garejin Fokke, abokina na ƙungiyar masu tsofaffin motoci, wanda kika sani tun yana satar mana tuffa ta kan shinge. Ya ɗaga ta sama, ya naushi tukwanen nan biyu da ke jikin salansa, waɗanda suke tace hayaƙi kafin ya fita, sai muka ji cikinsu yana kacau-kacau. Ya ce sun mutu, abin da ke cikinsu ya farfashe ya toshe hanya, sababbi kuma sai an yi odarsu daga Ingila an jira. Kafin nan, in ji shi, bari ya cire su ya ɗaura bututu biyu fanko a gurbinsu, mu tabbatar cewa su ne ciwon. Bututun gwaji ake ce musu. Na tambaye shi ko doka ta yarda a hau titi da su, ya kwashe da dariya ya ce, “Haba dattijo, doka ta hana gwaji ne? Rabin 'yan ƙungiyarmu gwaji suke yi. Akwai wanda ya shekara goma yana gwaji, har yau sakamako bai fito ba.”

Da ya tayar da injin, na ji abin har cikin ƙirjina. Motar da na sani mai ladabi ta koma wata aba daban, murya ta buɗe, ƙarfi ya dawo. Abin da ya fi tafiya da ni kuwa, in kana gudu ka ɗauke ƙafa daga totur farat ɗaya, sauran man da bai ƙone ba sai ya kama wuta a cikin bututun ya yi ta fashewa, tas, tas, tas. Ki lura da wannan da kyau, domin kada wani ya ce miki ban sani ba. Na sani sarai. Da gangan nake yi a kan hanyar gaɓar ruwa, da gangan nake bi ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa don in ji amsa-kuwwa, ina dariya ni kaɗai, mutum mai jiran jika. Sababbin tukwanen sun iso tun cikin Afrilu, na ɗora akwatin a kan kanta a gareji, ko buɗewa ban yi ba. Hiltje ta yi magana har ta gaji. Ta ce hayaƙin yana kama mata shanya, ta ce tsofai-tsofai da ni ina firgita shanun mutane, ta ce in da ƙara ake zama saurayi da injin yankan ciyawa ya yi aure. Tjitske ta leƙo ta kan shinge ta ce kajinta sun daina ƙwai, wa za ta kai wa ƙara. Kowa amsa ɗaya nake ba shi, gwaji nake yi.

Ranar huɗu ga wata Hiltje ta miƙo mini makullin ƙaramar motarta, ta ce in ɗauko Baba da ita, tana da tsayi, keken da yake dogarawa kuma yana shiga baya ba wahala. Na ce a'a, rana irin ta yau Baba ya cancanci a kawo shi da daraja. Haka na faɗa da baki. Gaskiyar kuwa ita ce ina so ƙauye ya gan ni na fito daga koriyar mota, na zagayo na buɗe wa tsoho ƙofa, na riƙe hannunsa. Ta dube ni ta ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, ta hau kekenta ta tafi taya mutanen ƙauye jera kujeru a gaban coci.

Na samu Baba a shirye tun la'asar, da baƙar kwat ɗinsa da hula, furannin a kan cinya. Da ya ga motar ya ce, “A cikin wannan kwale-kwalen za ka zuba ni?” Muka yi dariya. Sai ga shi keken dogarawarsa ya ƙi shiga but, wurin kaya na bayan motar. Na juya shi ta nan, na juya ta can, na cire tayar safaya, na mayar, ma'aikaciyar jinya tana tsaye tana duba agogo. Ƙarshe muka bar keken, muka taru mu biyu muka naɗe Baba muka cusa shi cikin kujerar da ta kusa taɓa ƙasa. Da muka kama hanya lokaci ya riga ya ja. Muna isa babbar gada kuma muka tarar an ɗage ta, jiragen ruwa na 'yan hutu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya ba sa sauri ko kaɗan. Ana sauke ta na taka mota da duk abin da take da shi. Kin san kunnen Baba ya yi nauyi, amma ya ji rurin a jikin kujera, ya tambaye ni me na yi wa motar nan. Na ce ɗan gyara ne.

Muna dab da ƙauye na fara ganin motoci sun sauka gefen titi sun kashe inji. Wani manomi yana tsaye kusa da tarakta, hula a hannu. Wasu 'yan mata biyu sun sauka daga kekuna sun sunkuyar da kai. Ba yaron da bai san wannan ba a ƙasar nan: inda takwas ta same ka, nan za ka tsaya, ko a kan babban titi ne, ko jirgin ƙasa kake tuƙawa. Baba ya ɗora hannunsa a kan nawa ya ce, “Tsaya nan, Ruurd, lokaci ya yi. Sybe ba zai gudu ba.” Na ce masa lanƙwasa ɗaya ta rage. Ya sake cewa in tsaya, na yi kamar ƙarar inji ta hana ni ji. Dabarar da na yi a raina ita ce in ba ta wuta sau ɗaya, sannan in ɗauke ƙafa ta gangara da kanta a hankali har bayan coci, mu fito mu shiga cikin jama'a ba wanda ya lura. Da na taka kulos ko na kashe makulli, da ban rubuta wannan takardar ba. Amma ƙafar da ta yi wata biyu tana koyon abu ɗaya, shi ta yi. Muna shiga lungun nan da ke tsakanin gidan burodi da katangar coci na ɗauke ta farat ɗaya.

Baukje, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Lungun matsattse ne, bango ta ko'ina, ƙarar ta fita tamkar ana harbi, ta bugi katanga ta dawo, ta sake fita. Tsuntsaye suka watse daga hasumiyar coci. Motar ta gangaro ta tsaya a bakin fili, a gaban ƙauye gaba ɗaya, yara da furanni a hannu, tsofaffi a kan kujeru, yarinyar da ta busa ƙaho ba ta ma gama sauke shi ba. Wani jariri ya tsala kuka. Tsoho Tjalling, wanda shi ma sunan mahaifinsa yana jikin dutsen, ya zube a kan gwiwoyinsa, jikokinsa suka riƙe shi. Na murɗe makulli. Kowa ya juyo yana kallona, kuma ba wanda ya ce uffan, domin shirun bai ƙare ba, dole a cika shi. Da an zage ni da na samu sauƙi. Haka na zauna riƙe da sitiyari, idanu sun fi ɗari biyu a kaina, ba abin da ake ji sai ƙarfen injin yana ƙas-ƙas yana hucewa. Na yi fatan ƙasa ta tsage in shige, ni da motar.

Sai na waiga wajen Baba, kuma wannan ne abin da Tjitske ba ta gani ba, ba za ta iya rubuto miki ba. Ya zame daga kujera iyakar inda bel ya bar shi, ya cusa kansa ƙasa, ya rufe ƙeya da hannu biyu, furannin sun murƙushe a ƙarƙashin ƙirjinsa. Yana magana ƙasa-ƙasa da wata murya da ban taɓa ji ba, muryar ƙaramin yaro, yana kiran mahaifiyarsa yana cewa sun fara, sun fara. Mahaifinmu, Baukje, mutumin da ya riƙe bijimi da hannu a gabanmu. Na taɓa kafaɗarsa ya ƙara dunƙulewa. Da na duba sai na ga wandonsa ya jiƙe.

Aka rera taken ƙasa, ban ji ko kalma ɗaya ba. Hiltje ce ta ratso jama'a ta buɗe ƙofar ɓangarensa, ta gani, ta cire rigar sanyinta ta lulluɓa masa a cinya, ta durƙusa ta tare ƙofar da jikinta don kada kowa ya leƙo. Ko kallona ba ta yi ba. Aka fara kiran iyalai ɗaya bayan ɗaya. Da shugabar kwamiti, Malama Rinske, ta kira iyalan Sybe, ba wanda ya fito. Ta ɗan jira, ta dubi inda muke, ta wuce suna na gaba. Na sunkuya na ce wa Baba ya ba ni furannin in kai da gudu, ko a murƙushe ne. Zuwa lokacin ya dawo hayyacinsa, ya zauna sosai, yana kallon gaba. Ya ƙara damƙe su ya ce, “Ku kai ni gida.” Tun da aka kafa dutsen nan, ranar ce ta farko da ya kwana ba furen gidanmu a gindinsa.

Ba halin in sake tayar da motar a wurin. Hiltje ta je ta ɗauko tata, ta matso da ita dab da ƙofa, muka mayar da shi ciki a lulluɓe, ta tafi da shi Sneek ita kaɗai. Ni kuwa na tsaya har jama'a suka fara wucewa zauren ƙauye shan kofi da burodin suga, suna ratsa ni ta dama da hagu kamar ba mutum a wurin. Fokke ne kaɗai ya zo, ya tuɓe kwat ya kama bayan motar, ni ina riƙe da sitiyari ta taga, muka tura ta da hannu tun daga coci har gida. Sai da muka shigar da ita gareji ya share gumi ya ce, “To, mutumina, naka gwajin dai sakamako ya fito.” Ya ga akwatin a kan kanta, ya karanta abin da ke jikinsa, ya dube ni, ya tafi.

Kin san mutanenmu, ba sa faɗa, ba sa kuma mantawa. Mai burodi yana ba ni burodina, yana amsa gaisuwa, amma hirar ƙwallo da muka saba ta mutu. Na je gidan Tjalling na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya tambaye ni lafiyar Baba, bai ce in zauna ba. Na je wajen Malama Rinske da jawabin da na shirya tun daga gida, ta saurare ni a bakin ƙofa har na gama, ta ce ta ji, amma ba ita ya kamata in ba haƙuri ba. Wasu masu son su rage mini nauyi sun ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ban karɓa ba. Tsautsayi bai ajiye akwati a kan kanta ba, bai ƙi makullin Hiltje ba, ba shi aka ce wa tsaya har sau biyu ba. Ranar Asabar da ta biyo baya na kai motar wajen Fokke a kan tirela muka ɗaura sababbin tukwanen. Kafin kofinmu na biyu ya huce mun gama. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ƙanƙantar aikin.

Na riƙa zuwa wajen Baba kusan kullum. Kwanakin farko yana karɓata lafiya, ya yi maganar dankali, ya yi maganar wani abokin zamansa a gidan mai munshari, in na ɗauko zancen sai ya juya wajen taga. Furannin suna cikin kwalba a kan teburinsa, sun bushe, ya hana a zubar. Sai ranar Lahadin da ta wuce, bayan an ɗauke kofuna, ya ce in rufe ƙofa. Ya gaya mini abin da ban sani ba, na kuma tabbata ke ma ba ki sani ba, domin ya ce ko Inna bai taɓa gaya wa ba. Mu dai an ce mana yana gida ranar da aka kashe Baffa Sybe. Ashe ba ya gida. Mahaifiyarsa ta aike shi da gwangwanin madara, yana cikin lungun nan na gidan burodi lokacin da aka jera Baffa Sybe da sauran samarin a jikin katanga ta ɗaya gefen. Bai ga komai ba, ji kawai ya yi. Ya shige ƙarƙashin amalanken mai burodi ya kwanta, madarar ta zube ta jiƙa shi, bai fito ba sai da aka zo nemansa. Ya ce shekarun nan duka da yake tsayawa shiru a gaban dutsen, ƙarar nan yake ji, amma daga nesa, inda zai iya ɗauka. Ni ne na kawo masa ita cikin kujera.

Na yi kuka, Baukje, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ce masa na gyara motar, yanzu ba ta da murya, ko ma in zo da ta Hiltje, mu sayi sababbin furanni mu je yau, ko gobe, ko duk ranar da ya ga dama. Ya ce furanni suna da ranarsu, ta bana ta wuce. Na ce to ya yafe mini ƙarar. Ya ce ba ƙarar ce ta dame shi ba, ƙarfe ne, ƙarfe ba shi da hankali, kuma ya yafe mini tun a mota domin ni ɗansa ne. Ya ce, “Amma na ce ka tsaya, ba ka tsaya ba. Aikin nan kuwa, Ruurd, gaba ɗayansa tsayawa ne. Furen ƙari ne kawai.”

Daga nan ya ba ni saƙon da ya sa na rubuto. Ya ce hannunsa yana rawa, ni zan rubuta, kuma in rubuta yadda ya faɗa. Ya ce ki shirya ki zo gida watan Mayu mai zuwa. In yana raye zai miƙa miki furannin Baffa Sybe da hannunsa, in kuma ba ya nan ki saya ki ajiye, daga nan aikin naki ne, bayanki kuma wanda kika zaɓa. Na ce masa kina bayan teku, ga gwiwa, ga tsadar tafiya. Ya ce ya sani. Ya ce duk shekara kina kiransa da zarar an gama, kuma Wopke ya taɓa gaya masa cewa in lokacin ya yi, ko da rana tsaka ce a wajenku, kina kashe murhu ki tsaya a tsakiyar kicin ke kaɗai. Ban san kina yin haka ba. Ni da nake nan, da tafiyar minti kaɗan tsakanina da dutsen, ban sani ba.

Na san halinki. Kina gama karanta wannan za ki ɗauki waya ki kira shi ki ce ai Ruurd ne yake kai shi asibiti, Ruurd ne yake yanke masa farce, kuskure ɗaya bai isa a ƙwace masa ba. Ina roƙonki don Allah kada ki yi. Ya yi tunaninsa, kuma daidai ya yanke. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi, amma in kika roƙa ya mayar mini don tausayi, kowace shekara zan tsaya a gaban dutsen nan da furen da na san ba nawa ba ne. Ki rubuto masa da hannunki ki ce kin karɓa, da manyan baƙaƙe yadda zai iya karantawa ba tare da ni ba. Ɗakinki yana nan, Hiltje ta ce ku zo ku biyu ku daɗe. Zan je filin jirgi in ɗauko ku, ranar kuma zan tsaya a baya cikin jama'a in riƙe miki jaka.

Ki gaishe mini da Wopke, ki ce ina yi masa sannu da jinya. Ki gaishe da 'yarki Marrit da mijinta da 'yan biyunsu, da ɗanki Sietse, ki ce masa hoton kifin da ya turo mun gani, ba mu dai yarda shi ya kama ba. Ki gaishe da Gwaggo Jeltsje in kin je dubo ta, amma kada ki ba ta wannan labarin, shekarunta sun wuce ɗaukarsa. Hiltje da Nynke da Auke duk suna gaisuwa. Baba ma ya ce in gaishe ki, ya ce ki zo da takalmi mai kyau, duwatsun gaban coci suna da santsi in an yi ruwa. Allah ya ƙara miki lafiya, ya ja kwanan Baba har ki same shi.

Ƙaninki,
Ruurd